Mutum zai iya rantsuwa a kan abin da bai faru ba, kuma ba ƙarya yake yi ba?

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa a Gadarif, a ƙasar Sudan. Iyalinsu sun baro Wad Madani a watan Disamba na 2023, lokacin da yaƙi ya iso garin. Yayarsa ta rantse cewa a daren tafiya ta ƙulle zinariyarta a ɗankwali, awarwaro huɗu da sarƙa ɗaya, ta miƙa wa matar ƙanensu ta ɓoye mata. Matar ƙanen ta rantse ko ƙyallin zinariyar ba ta gani ba. Bayan wasu watanni 'yar yayar, wadda take da shekara biyar lokacin gudun, ta fara cewa a gabanta aka miƙa ƙullin. Wata gwaggonsu ma ta ce kamar tana tunawa. Ya ce bai taɓa kama ɗaya daga cikin matan biyu da ƙarya ba, ga shi gida ya rabu biyu. Yana son ya san ko mutum yana iya tuna abin da bai faru ba, da kuma yadda za su gano gaskiya.

Ɗan'uwa, Allah ya mayar muku da alheri, ya kawo ƙarshen wannan fitina. E, yana yiwuwa, kuma masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna yadda yake faruwa.

A gidanku hanya biyu kawai ake dubawa: ko yayarka ta yi ƙazafi, ko matar ƙanenka ta ci amana. Akwai ta uku, akwai ta huɗu. Yayarka tana iya tuna miƙawar da ba a yi ba, ta riƙa ganinta sarai a ranta, har da launin ɗankwalin da inda suke tsaye. Matar ƙanenka kuma tana iya karɓar ƙullin cikin ruɗani, ta cusa shi wani wuri, abin bai zauna mata a ƙwaƙwalwa ba sam. A duka biyun nan babu maƙaryaciya. Ban ce maka haka aka yi ba. Babu masanin da zai saurari mutum biyu ya ware tunawar gaske daga wadda ba ta da asali, in dai babu hujja daga waje. Abin da bincike ya tabbatar shi ne ƙarfin rantsuwa da hawaye da kawo bayani dalla-dalla ba su isa su raba gardama ba. Abin da yake da amfani shi ne tarihin maganar: yaushe aka fara faɗinta, wa ya fara, da wace irin tambaya, kuma su wa suka zauna suka tattauna ta bayan nan.

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abin da ya faru a dunƙule. Gutsattsari take riƙewa: wani abu da ido ya gani, wata magana, tsoron da aka ji, ma'anar abin a taƙaice. Duk lokacin da mutum ya zo tunawa sai ta harhaɗa su, ta cike giɓin da abin da ya saba faruwa, da abin da aka ji daga baya. Kamar katangar ƙasa ce da ake yi wa yaɓe bayan kowace damina: katangar tana nan a wurinta, amma bayan shekaru ba mai iya nuna maka ƙasar farko da wadda aka ƙara. Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna haka tun 1932. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta 'yan asalin Arewacin Amurka, ya riƙa sa su maimaita ta bayan kwanaki, makonni, watanni. Labarin ya riƙa gajarcewa, abubuwan da suka yi musu baƙunta suka zube ko suka rikiɗe zuwa abin da suka sani, farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi. Babu wanda ya ji a ransa cewa ya canja wani abu.

Wurin da ya fi shafar maganarku shi ne abin da Marcia Johnson da abokan aikinta suka yi bayani a 1993. Abin da mutum ya tuna ba ya zuwa da tambarin inda ya samo shi. Hoto ne yake faɗo masa a rai, sai ƙwaƙwalwa ta yi saurin yanke hukunci: wannan gani na yi, ko ji na yi, ko niyya na yi, ko mafarki ne? Ma'auninta shi ne tsabtar hoton. In ya fito da launi da wuri da motsi, sai ta ce gani ne. Matsalar ita ce abin da aka yi ta sawwalawa shi ma yana samun launi da wuri da motsi. Lyn Goff da Henry Roediger sun gwada wannan a 1998 da ƙananan ayyuka, irin su karya tsinken sakace. Wasu ayyukan mutane suka yi da hannunsu, wasu kuwa ji kawai suka yi. Daga baya aka sa su sawwala suna yin wasu, sau ɗaya, sau uku, har sau biyar. Da aka dawo da su bayan mako biyu, gwargwadon yawan sawwalawar gwargwadon yadda suke cewa sun yi aikin da hannunsu alhali ba su yi ba.

To ka duba halin yayarka a wannan dare. Mace ce da ta san za a bi ta shingayen bincike, tana ta saƙa da warwara a kan inda za ta sa zinariyarta. In ta yi ta raya wa ranta cewa bari ta ba wance, ita ce mai goyo, ba za a taɓa ta ba, to ta riga ta ga hannunta yana miƙa ƙullin sau da yawa kafin a fita daga gida. Idan kuma ta saba ba ta ajiya a lokacin zaman lafiya, ranar biki ko ranar tafiya asibiti, akwai miƙawa ta gaske a ƙwaƙwalwarta wadda kwanan watanta kawai zai goce ta koma daren gudu.

Kana iya ganin ƙaramin samfurin abin da idonka. Ka tara mutum biyar ko shida waɗanda ba su san abin da kake nema ba, ka karanta musu waɗannan kalmomi 15, ɗaya duk bayan daƙiƙa biyu: gado, katifa, matashi, bargo, dare, mafarki, minshari, gyangyaɗi, hamma, gajiya, kwanciya, farkawa, hutawa, angarib (gadon igiya na Sudan), gidan sauro. Sai ka ba kowa minti biyu ya rubuta abin da ya ji, ba tare da ya leƙa na wani ba. Ka duba ko wani zai rubuta "barci", wadda ba ka faɗa ba. Wannan jeri na Hausa ni na tsara maka, amma hanyar ta James Deese ce tun 1959, Roediger da Kathleen McDermott suka farfaɗo da ita a 1995. A gwajinsu na farko kalmar da ba a faɗa ba ta fito a kashi 40 cikin 100, a na biyu kashi 55, kuma da yawa sun ce suna tuna lokacin da aka furta ta. Gwajin yana lalacewa idan ka faɗa musu tarko ne, ko ka bar su suna magana da juna.

Sai abin da yake shiga bayan faruwar al'amari, wanda a ganina shi ne ya fi yi muku ɓarna. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai 45 hotunan bidiyo na haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Kalma ɗaya kawai aka canja a tambayar. Waɗanda aka ce wa motocin sun ragargaji juna sun kimanta sama da mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa sun taɓa juna suka ce kusan mil 32. A gwaji na biyu, da mutum 150, an dawo da su bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashi a bidiyon. Cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 sun ce sun gani. Cikin 50 da aka ce wa motocin sun bugi juna, 7 ne kawai.

Saboda haka tambayar farko da aka yi wa yayarka ranar da aka nemi zinariya aka rasa tana da nauyi ƙwarai. Akwai bambanci babba tsakanin a ce mata "ina kika sa ta?" da a ce "ba wance kika ba ba?" Ta biyun ta miƙa mata suna da hoto a daidai lokacin da hankalinta ya tashi tana neman abin kamawa.

Maganar gwaggo ma a nan take shigowa. Fiona Gabbert da abokan aikinta a Jami'ar Aberdeen sun nuna wa mutane bibbiyu bidiyon abu ɗaya a 2003, amma kowa daga kusurwa dabam, ba tare da sun sani ba. Wata yarinya ce ta shiga ofis mayar da littafi. Daga kusurwa ɗaya ana ganin ta zare kuɗi daga walat, daga ɗayar ba a gani. Aka bar su suka tattauna, sannan aka tambayi kowa shi kaɗai abin da ya gani da idonsa. Kashi 71 cikin 100 sun kawo abubuwan da a bakin abokin zamansu kawai suka ji. Cikin waɗanda ba su ga ɗaukar kuɗin ba, kashi 60 sun ce yarinyar ta yi sata. Muna cewa gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya shiga rigar gani. Shaidu uku da suka yi watanni a tsakar gida ɗaya suna maimaita zance ɗaya ba lallai su zama shaidu uku ba. Tana yiwuwa shaida ɗaya ce ta yaɗu.

Wani zai ce ƙananan abubuwa ne waɗannan, gilashi da gudun mota, amma a ƙago al'amari sukutum? An gwada. A 1995 Loftus da Jacqueline Pickrell sun ba mutum 24 labarai huɗu na yarintarsu. Uku na gaske ne da aka karɓo daga danginsu, ɗaya ƙagagge: wai sun ɓata a babban kanti suna da shekara biyar, wata dattijuwa ta tsince su. Bayan hira biyu, 6 daga cikinsu sun tuna ɓatan, gaba ɗaya ko wani ɓangare. A 2002 Kimberley Wade da abokan aikinta sun haɗa hoton bogi na mutum yana yaro a cikin kwandon balan-balan mai tashi sama, rabin mutum 20 suka fara ba da labarin tafiyar bayan hira uku. Sai dai kada a wuce gona da iri. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma masana sun saɓa a kan me za a ƙirga a matsayin tunawa. Wani nazari na 2017 da ya sake duba hirarraki sama da 400 ya sami kusan kashi 30, wani na shekarar da ya tsaurara ma'auni ya ce cikakkiyar tunawa ba ta wuce kusan kashi 15 ba. Yawancin mutane ba sa kamuwa. Kathy Pezdek ta kuma nuna a 1997 cewa abin da ya yi kama da mai yiwuwa ya fi saurin dasuwa fiye da abin da hankali bai ɗauka ba. Wannan sharaɗi ya cika a maganarku, domin ba wa matar ƙane ajiya a daren gudu abu ne da kowa zai ce ai haka ake yi.

Na san abin da ya fi ɗaure maka kai shi ne tabbacin da kowace take da shi. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger ya tarwatse a Amurka. Washegari Ulric Neisser ya sa ɗalibai 106 suka rubuta inda suke da suka ji labarin, da wanda ya faɗa musu, da abin da suke yi. Bayan kusan shekara uku aka sake tambayar 44 daga cikinsu. Matsakaicin makinsu bai kai 3 cikin 7 ba, 11 ba su dace da komai ba, amma tabbacinsu ya haura 4 cikin 5. Da aka nuna musu takardunsu, wasu suka ce rubutun nasu ne amma har yanzu ba haka suke tunawa ba. Tabbaci yana kuma kumbura da goyon baya. Gary Wells da Amy Bradfield sun sa mutane nuna mai laifi a jerin hotunan da ba ya ciki a 1998. Waɗanda aka ce wa "madalla, shi ne" sun koma suna cewa tun farko ba su yi shakka ba, sun ga fuskarsa da kyau, sun mai da hankali sosai. Duk wanda ya ce wa yayarka "ai ni ma na san za ta aikata" ya ƙara mata tabbacin da ba daga daren gudu ya fito ba. Haka duk wanda ya ce wa matar ƙanenka "ai ke ba kya mantuwa".

Akwai tabbacin da masana suke ba muhimmanci: na karon farko, kafin kowa ya sa baki. In ranar farko yayarka ta ce "ina jin kamar na ba wance", yau kuma tana cewa "wallahi na ba ta", to maganar ranar farko ce ma'auni.

Daren kansa ma ba dare ne na riƙe abu ba. Mutane suna zaton abin da ya faru cikin firgici ba ya gogewa. Jigon abin ne yake zama, ƙarar harbi da fita da tsoro, amma wa ya riƙe wace jaka, wa ya miƙa wa wa mene, waɗannan su suke fara zubewa. Charles Morgan ya bincika sojojin Amurka sama da 500 a sansanin horo a 2004. An yi musu tambayoyi masu tsanani ido da ido na fiye da rabin awa, amma kwana ɗaya bayan fitowarsu kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya iya nuna wanda ya tsare shi. Rashin barci yana ƙara dagula abin: binciken Steven Frenda na 2014 ya nuna wanda ya kwana bai runtsa ba kafin ya ga abu ya fi saurin haɗiye bayanin ƙarya a kansa daga baya. Wannan ya shafi matan biyu daidai wa daida. Mai goyo a baya, yaro a hannu, ana kiranta ta ko'ina, tana iya karɓar ƙulli ta jefa a buhu hankalinta yana wani wuri. Abin da hankali bai tsaya a kansa ba ba ya shiga ajiya tun farko, don haka in ta duba ranta ba za ta sami komai ba, ta rantse da zuciya ɗaya.

Yarinyar kuwa, ina roƙonku ku cire ta daga wannan shari'a. A 1994 Stephen Ceci da abokan aikinsa sun riƙa tambayar yara 'yan shekara 3 zuwa 6, mako-mako har kusan mako goma, su yi tunani sosai ko wasu abubuwa sun taɓa faruwa da su, ciki har da cewa tarkon ɓera ya kama musu yatsa an kai su asibiti. Ba a matsa musu ba, tambaya ce kawai ake maimaitawa. Fiye da rabinsu sun ƙare da ba da labarin aƙalla abu ɗaya da bai faru ba, da bayanin wanda ya raka su da yadda aka ɗaure yatsan. Ƙwararrun da aka nuna wa bidiyon yaran ba su iya ware na gaske ba. Yaro shaida ne mai kyau in an tambaye shi da wuri, sau ɗaya, da buɗaɗɗiyar tambaya. Wadda ta yi watanni tana jin mahaifiyarta tana kuka tana ba da labari ɗaya, sannan ta fara cewa ta gani, ba a gina hukunci a kan maganarta. Kada kuma a ce mata maƙaryaciya, domin ba ƙarya take yi ba.

Malamanmu na hadisi sun san wannan tun ƙarnoni da suka wuce. Sun raba adalcin mai ruwaya da kiyayewarsa: mutum yana iya zama salihi mai tsoron Allah, a ƙi karɓar ruwayarsa saboda raunin riƙo, ba tare da an kira shi maƙaryaci ba. Sun raba kiyayewar ƙirji da kiyayewar littafi. Sun kuma yi magana a kan mai karɓar talƙini, wanda za a ce masa "ai wane ya ba ka hadisi kaza" ya amsa ya ruwaito alhali ba ya cikin abin da ya ji. Imam Ahmad ya bambanta waɗanda suka ji daga Abdurrazzaƙ na San'a kafin ya makance da waɗanda suka ji bayan haka, saboda wannan dalili. A fiƙihu ma, a mazhabar Imam Malik da ake bi a nan Sudan, wanda ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance haka yake, daga baya ta bayyana ba haka ba ne, rantsuwarsa lagwu ce, dabam take da rantsuwar ganganci a kan ƙarya. Ku nemi malaminku ya yi wa gida bayanin wannan, zai sassauta zukata.

Yanzu abin yi. Na farko, a dakatar da zancen a taron gida. Kowane zama na "to ke faɗi, ke ma faɗi" yana ƙara yaɓe ne a kan abin da ya rage. A sami mutum ɗaya da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, wanda bai riga ya ɗauki gefe ba, zai fi kyau mace dattijuwa daga wajen gidan. Ta zauna da kowace ita kaɗai, a rana dabam, wuri shiru, kamar awa ɗaya, ta naɗi muryar a waya da izininta.

Yadda za ta yi tambaya shi ne rabin aikin. Akwai hanyar da Ronald Fisher da Edward Geiselman suka tsara wa 'yan sanda a shekarun 1980. A fara da mayar da mutum cikin yanayin: ina kike da la'asar ɗin ranar, me kike sanye da shi, akwai wuta ko babu. Sai a ce ta ba da labarin tun daga nan har isowa Gadarif, komai ƙanƙantar abu, kada a katse ta ko da ta yi shiru na minti guda. A faɗa mata tun farko cewa "ban sani ba" da "ban tabbata ba" amsoshi ne karɓaɓɓu, kada ta yi cike. Bayan ta gama ne za a koma kan abin da ita ta ambata: kin ce kin buɗe akwati, ba ni labarin wannan. Kada mai tambaya ta fara kawo sunan kowa, ko ɗankwali, ko wurin da ake zargin an yi miƙawar. Kada ta ce "ki sawwala kina miƙa mata", wannan shi ne ainihin yadda ake dasa abin da bai faru ba. In labarin tsoron ya fi ƙarfin mai magana, a tsaya.

A ƙarshe a bi muhimman guntayen ɗaya bayan ɗaya da tambayar asali: wannan da idonki kika gani, ko wani ya faɗa miki, ko kin san haka kika yi niyya? Aileen Oeberst da abokan aikinta sun nuna a 2021, da mutum 52 da aka dasa wa labaran yarinta na ƙarya, cewa tunatar da mutum ya binciki asalin kowane guntu, da sanar da shi cewa yawan tambaya yana iya haifar da tunawa marar asali, ya rage ƙagaggun sosai ba tare da ya taɓa na gaskiya ba. Gwaggo ma a yi mata haka, ita da ta ce "kamar".

Hujjar waje ta fi duk wannan. Ku duba saƙonnin murya na WhatsApp daga ranar tafiya zuwa makonni biyu bayanta, na matan biyu da na waɗanda suka yi magana da su, musamman 'yan'uwa na Saudiyya ko Najeriya da aka riƙa ba labari. Saƙon da yayarka ta aika kafin a san zinariya ta ɓata ya fi rantsuwa goma ta yau. Ku duba hotunan waya da kwanan watansu: akwai awarwaro a hannunta a hanya? Ku duba shigar kuɗi da fitarsu a Bankak, manhajar banki ta waya, a watannin. Ku rubuta jerin jakunkuna da buhunan da aka fito da su, wa ya ɗauki wanne, wanne aka sauke a shinge, wanne aka bari a mota ko gidan da aka yada zango. A zazzage waɗanda suka iso har cikin ɗinki da aljihun ciki.

Abubuwa uku suna ɓata irin wannan bincike. Zuwa wurin mai duba ya faɗi ɓarawo, ban da haramcinsa, yana dasa suna a zukatan mutane har su fara tuna alamun da ba su taɓa gani ba. Ɗaukar mafarki hujja shi ma haka. Na uku shi ne matsa wa wadda ake zargi. Saul Kassin da Katherine Kiechel sun zargi ɗalibai a 1996 da danna maɓallin da ya lalata kwamfuta, alhali ba su danna ba. Kashi 69 sun sa hannu a takardar amsa laifi, kashi 28 sun yarda a ransu cewa sun yi, kuma abin ya fi tsanani inda aka kawo mai cewa ta gani da idonta. In an taru a kan matar ƙanenka da yarinya da gwaggo har ta ce "wataƙila na karɓa", wannan "wataƙila" ba ta tabbatar da komai ba.

In ɗaya daga cikinsu ta manyanta kuma ana ganin tana yawan ajiye abu ta zargi mutane da ɗauka, tana maimaita tambaya ɗaya, tana ɓata a hanyar da ta sani, wannan maganar likita ce. Haka in akwai firgita cikin barci da ganin daren gudu yana dawowa mata ido biyu.

In an yi duk wannan ba a sami komai ba, ƙa'idar shari'a sananniya ce: hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa, kuma alƙali ko malami ne zai yanke, ba taron tsakar gida ba. Kafin a kai nan, tunda mutane sun fara komawa Madani tun farkon 2025, in wani naku zai je duba gida, a sa yayarka ta lissafa masa duk wuraren da ta saba ɓoye abu mai daraja da waɗanda ta yi tunanin ɓoyewa a makon ƙarshe: ƙarƙashin tayil, cikin buhun dawa, bayan kabad, ramin da aka tona a tsakar gida. A karɓi jerin kafin ya tashi, a zaman da ba a ambaci matar ƙanenka ba, kuma su je su biyu, ɗaya daga kowane ɓangare.